Billen Malam

Ban iya rubutu ba. Matar autana ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, muna zaune a tsakar gida, tana yi tana leƙa tukunyar shinkafar da take turarawa. Na ce mata duk inda na tsaya ina kuka ta jira ni, kada ta cike mini da maganarta.

Maigidana Malam ya rasu bana da rani, ana tsakiyar cirar tumatir. Fiye da shekara hamsin muna tare a gidan nan, tun kafin a haƙa kanal ɗin ban ruwa da ya ratsa bayan garinmu, lokacin da in damina ta wuce sai maza su ɗaura kaya su tafi cin rani. Da ruwa ya zo, bai ƙara zuwa ko'ina ba. Shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, haka ya ƙare rayuwarsa. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ranar Talata ya dawo daga gona ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ranar Alhamis aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Har yau in na ji an turo ƙofar zaure da ƙafa sai na ɗaga kai, domin shi kaɗai ke shigowa haka, hannuwansa duk laka.

Mutum ne da ba ya son hoto. Bai taɓa cewa haramun ne ba, shi dai ba ya so. In yara suka ɗaga masa waya a wurin biki ko suna, sai ya kare fuskarsa da hannun riga ya ce su je su ɗauki masu kyau. Saboda haka da ya rasu aka bincika gidan kaf, ba a sami hotonsa ba sai na jikin katin zaɓe. Katin kuwa a aljihun gaban rigarsa yake zama, da shi yake shiga fadamar shinkafa. Ruwa ya ci shi, gumi ya ci shi, taki ya ci shi. Fuskar da ke jiki ba ta fi kan ɗan yatsa ba, duk ta kakkarce, wani wurin ma ya yi fari fat.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, ɗana na fari ya shigo ɗakina da wani abu naɗe a takarda. A Kano yake zaune, yana sayar da kayan injin ban ruwa. Ni da shi ba ma doguwar magana. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. In ina da magana da shi, sai in faɗa wa ƙanensa yana zaune yana ji. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, “Inna, ga wani abu na sa an yi miki.”

Ya kwance takardar. Hoton Malam ne, babba, cikin gilashi, mai launi. Ya ce ya kai katin wani shago a Kura, suka sa shi a na'ura, na'urar ta gyara duk inda ya lalace. Sannan ya ciro wayarsa ya miƙo mini. A cikin wayar hoton nan yana motsi. Ya ƙifta ido, ya juyo da kai a hankali, ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

Na yi salati na saki wayar a kan tabarma. Matan da suka rage a ɗakin suka yi ca a kanta, wannan ta karɓa wannan ta fizge. Wata ta ce, “Ikon Allah, kamar ya yi magana!” Wata ta ce, “Kai, ashe Malam kyakkyawa ne, rana ce ta ɓata shi.” Aka yi dariya, aka yi kuka. Ɗana ya nemo ƙusa da dutse, ya kafa hoton a bango daidai ƙafar gadona, inda in na buɗe ido shi zan fara gani. Na ce wa ƙanensa, “Ka ce masa Allah Ya yi albarka.”

Tun a ranar na ga abin da ba daidai ba. Malam yana da bille, tsaga guda ɗaya da ta gangaro daga gefen hanci zuwa kunci, wadda aka yi masa yana jariri. A hoton babu ita. Kumatun sumul, kamar na yaron da bai taɓa shiga rana ba. Haƙoran kuma farare tas, alhali Malam goro ya rina nasa tun yana saurayi, na gaba ɗaya ma ya gutsure. Na gani, na yi shiru. Yaro ya kashe ƙafa ya je ya yi abu don ya faranta mini, ga shi ɗan fari, ta ina zan fara?

Ina cikin takaba, ba fita. Wata huɗu da kwana goma daga ɗaki sai tsakar gida. Ni kuwa ban saba zama ba, tun ina da ƙarfi ni ke turara shinkafa ina shanyawa a kai inji. Sai ga ni a zaune, ni da hoto. In tashi in gan shi, in idar da salla in gan shi, in ci abinci yana kallona. Da farko ina ce masa a zuciyata, kai ba shi ba ne. Sannu a hankali na daina faɗa.

Wata rana da hantsi ina tsince wake, sai na ce bari in tuno Malam yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyara bututun ban ruwa. Na rufe ido. Rigar ta zo, hular ta zo, hannuwan suka zo, da faratan nan nasa masu kauri. Da na hau zuwa fuska sai ga mutumin bango, da kumatunsa sumul yana mini murmushi. Na buɗe ido na sake rufewa. Shi ne dai. Na ce to bari in sa masa billen da kaina. A nan ne na rasa a wane kunci zan sa. Na sa a dama, ya zauna. Na sa a hagu, ya zauna. Shekara hamsin ina kallon fuskar nan, na kasa sanin ɓangaren da tsagarta take.

Na ture faifan waken na miƙe. Na zaga tsakar gida, na shiga ɗakin girki na fito, na shiga ɗakinsa na buɗe akwatinsa kamar a ciki zan samu. Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki tsintsiya sai in yar, in na ɗauki carbi sai in rasa inda na tsaya.

Na sa aka kawo mini katin. Na kai shi rana, na kusanto da shi, na nisanta. Idona ɗaya yana da yana, ɗayan ma ba wani ƙarfi. Na ba matar autana ta duba. Ta daɗe tana kallo ta ce, “Inna, layuka sun fi goma a fuskar nan, ta ko'ina. Ban san wanne ne tsaga wanne ne karcewa ba.”

Na ce, “Ke da kike kai masa abinci kullum, ba ki san inda billensa yake ba?”

Ta ce, “Inna, ni ina na taɓa ɗaga ido na kalli Baba? Ƙafafunsa na sani.”

Gaskiyarta. Ita malama ce a Islamiyya, ta kuma yi boko, don haka na tambaye ta yadda aka yi na'ura ta san fuskar mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ta ce ba saninsa ta yi ba. An nuna mata fuskokin mutane masu yawan gaske, har ta saba da yadda fuska take. In aka ba ta hoton da ya lalace, duk inda ta ga gurbi sai ta cike da abin da ta saba gani, duk inda ta ga layi sai ta ɗauka lalacewa ce ta share. Na ce to fuskokin su wa aka nuna mata? A cikinsu babu mai tsaga ko ɗaya? Ba a nuna mata mutanen Bunkure ba, ba a nuna mata Gobirawa ba, ba a nuna mata Barebari ba? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Na ce wato kuncin da ke rataye a ɗakina na wani ne, ko na mutum dubu ne aka haɗa aka dama. Ta ce kusan haka ne. Abin ya tsaya mini a rai. Ina takaba, namiji baƙo ba ya shigo mini ɗaki, ga kuncin baƙi a ƙafar gadona.

Na tambayi autana. Ya ce dama, ya koma ya ce a'a hagu, sannan ya juya ya kalli hoton, kamar hoton zai gaya masa. Shi ma abin ya kama shi. Ƙanwar Malam ta zo daga Madobi duba ni, tsohuwa ce kamata, bakinta ba ya shiru. Na tambaye ta. Ta ce, “Dama mana! Ke wace irin mata ce, miji ya mutu kwana nawa har kin manta kamanninsa? Ko wani kika hango?” Wasa take yi, mun saba. Amma na fashe da kuka, har ta rikice. Da ta zo tafiya, ta sa takalmi ɗaya, sai ta tsaya ta ce, “Ke, tsaya. Na Yaya babba ne a dama. Nasa kuwa... wallahi kin sa ni ma na ruɗe.” Ta tafi ta bar ni da abin da ya fi na da.

Kaina ya riƙa ciwo, abinci ya fita raina. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke maƙwabtaka da mu ta shigo ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta ce ya hau, ta ce me nake sa wa a raina. Na gaya mata. Ban yi zaton za ta ɗauke shi magana ba, amma ta zauna. Ta ce ita ma mahaifiyarta, in ta tuno ta, a hoton biki guda ɗaya take ganinta, da ɗaurin ɗankwalin da ba ta taɓa yi ba sai ranar. Ta ce tunanin mutum ba akwati ba ne da za ka ajiye abu ka dawo ka same shi yadda yake, abin da ido ke gani kullum shi ke hawa kan na da. Ta ce in sa a sauke hoton. Na ce ɗan fari ne ya kafa. Ta ce, “To Inna, ki juya shi ya kalli bango.” Na juya shi kwana biyu. Ban ji daɗi ba, sai na ga kamar Malam na juya wa baya, domin idanun nasa ne, goshin ma nasa ne. Na mai da shi yadda yake.

Abin da ya fi damuna ba na iya faɗa wa kowa a lokacin. Ina tsoron kada ya zama ban taɓa kallonsa ba. Mu a zamaninmu mace ba ta zuba wa miji ido. Ka kawo ruwa ka durƙusa, ka ajiye tuwo ka koma gefe. To ko shekara hamsin ɗin nan duk murya da tari da takun ƙafa na aura? Na san yadda yake kurɓar koko, na san ƙafar da yake fara sa wa takalmi. In na san waɗannan, yaya kunci zai kuɓuce mini? Haka nake ta juyawa, ina zaga tsakar gida har matar autana ta ce zan haƙa mata rami.

Ana saura kwana kaɗan in fita takaba, ina kallon autana ya dawo daga shagon aski, an yi masa da inji, sai wanzamin Malam ya faɗo mini a rai. Malam bai taɓa yarda inji ya hau kansa ba. Duk Juma'a da safe wurin mutum ɗaya yake zuwa, tsohon abokinsa, wanda yana cikin abokan ango ranar da aka kawo ni. Na ce in akwai mai sanin fuskar nan a duniya, wanda ya yi shekaru yana bin ta da aska ne.

Ranar da na yi wankan fita takaba, mata suka ce in fara da gidajen 'yan uwa, in yi godiya, haka ake yi. Na ce zan yi, amma ina da wurin zuwa tukuna. Na sa matar autana ta raka ni. Muka hau mai ƙafa uku muka bi gefen kanal. An riga an yi dashen shinkafa, ko'ina kore shar, ruwa ya cika fal, mata suna wanki a matakala. Ban iya kallo sosai ba. Muka wuce gonar Malam, na kau da kai.

Muka sami wanzamin a bakin kasuwar Bunkure, a gindin durumi, zaune a kan buzu da zabirarsa a gefe. Ya tsufa ƙwarai, ba kowa a gabansa sai wani mai sayar da albasa da ke jiran ciniki. Na yi sallama. Ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido.

Ya ce, “Wa nake ji kamar amaryarmu?”

Na ce, “Amarya ta tsufa, Sarkin Aska.”

Ya ce, “A wurinmu ba ki tsufa ba, har yanzu ba ki biya mu kuɗin sayen baki ba.”

Na ce, “Ku ne za ku biya, kun cinye kun hana ƙawayena.”

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sannan ya yi mini gaisuwa, muka yi wa Malam addu'a. Ya ce tun da Malam ya rasu, ranar Juma'a da safe ba ya fitowa da wuri. Na durƙusa a gefen buzun. Kunya ta kama ni, amma na riga na zo. Na ce, “Tambaya na zo yi, kada ka yi mini dariya. Billen Malam, a wane kunci yake?”

Bai yi dariya ba. Bai kuma amsa da baki ba. Ya ce wa mai albasa, “Kai, matso nan, ara mini fuskarka.” Mai albasa ya ce, “Baba, ni fa ba na son aski.” Ya ce, “Wa zai ɓata askarsa a wannan kan naka mai kama da ƙwarya? Zauna.” Mutumin ya tsuguna a gabansa yana dariya. Wanzami ya kama haɓarsa da hannu ɗaya ya karkatar, ya rufe ido, ya ɗaga ɗaya hannun ba aska a ciki, ya fara bin kuncin kamar yana gyaran fuska. Ya bi na dama, hannun ya wuce sul. Ya juya haɓar, ya hau na hagu, ya gangaro, sai hannun ya tsaya cak, ya ɗan ɗaga, ya tsallake wani abu da babu shi a fuskar mai albasa, ya ci gaba.

Ya buɗe ido ya ce, “Hagu. Nan nake ɗaga aska.”

Sannan ya ce, “Ubana ne ya yi masa shi. Kuma ba miƙaƙƙe ba ne, a ƙasa yana da ɗan wutsiya da ya lanƙwasa wajen kunne. Tsoho ya ce jaririn ne ya fizge kai. Har ya mutu yana jin haushin wannan tsaga, ya ce ita kaɗai ce ta ɓata masa aiki.”

Yana faɗin wutsiyar nan na gan ta. Wallahi na gan ta, da yadda take shigewa cikin tamojin kunci in yana tauna goro, da yadda gumi ke bin ta ya ɗigo. Ashe na kalle shi. Na zauna daɓas a ƙasa a bakin kasuwa na yi kuka mai sauti, ban damu da masu wucewa ba. Mai albasa ya rasa abin yi, ya ɗebo albasa ya zuba wa matar autana a mayafi.

Da muka dawo gida ban cire mayafi ba. Na ɗauko tandun kwallina, na hau kan gado, na tsaya a gaban hoton. Na ce wa matar autana ta nuna mini kuncinsa na hagu, nasa ba nawa ba, ta ɗora yatsa. Na ja layi a kan gilashin daga gefen hanci, na gangaro, na lanƙwasa wutsiyar. Ya yi kauri, ya yi baƙi fiye da na gaske. Na bar shi haka.

Bayan mako biyu ɗana na fari ya zo. Ina jin muryarsa a zaure na rasa ko in goge kwallin. Ban goge ba. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗaga kai, ya gani. Ƙanensa ba ya nan, babu wanda zan bi ta kansa, don haka na yi magana da shi kai tsaye, ina kallon tabarma. Na ce, “Na'urar ta share masa bille. Ni na mayar.”

Ya miƙe ya matsa kusa da hoton. Na ɗauka zai sa hannu ya goge. Sai na ji ya ce, “Inna, wallahi ban lura ba. Kullum ina kallonsa a waya, ban lura ba.” Ya fita tsakar gida, na ji yana ce wa matar ƙanensa in tana share ɗaki kada ta taɓa gilashin.

Ban ce na warke ba. Har yanzu in na rufe ido, wani lokaci mutumin bango ne ke riga zuwa da fararen haƙoransa, sai na kore shi na fara daga kunci, daga nan in lallaɓa zuwa sauran. Bakin bai dawo mini ba tukuna. Jiya na yini ina neman yadda leɓensa na ƙasa yake, na zaga gidan nan ban san sau nawa ba. Kwallin kuma ba ya zama a gilashi, yana zubewa, sai na riƙa sabuntawa, ga hannuna yana ƙara rawa, ga idon yana ƙara rufewa. Shi ya sa na ce a rubuta. Na sa matar autana ta karanta mini wurin sau biyu in ji ko ta sa daidai: kuncin hagu, daga gefen hanci, da ɗan wutsiya wajen kunne, haƙoransa jajaye, na gaba ɗaya a gutsure.